Babi na Shida: Ahmed Ali, Jikan Baiwar Borno da Ya Tuƙa Jirgin Yaƙin Turkawa

Mutumin Tambuwal ko na Kebbe ba shi da wata hulɗa da teku. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne gulbin Zamfara, wanda ke gangarowa daga Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, shi ma da rani yakan janye ya bar wa masu noman fadama fili. Daga nan zuwa gaɓar teku a Legas ya haura kilomita 600 a miƙe. Saboda haka idan aka ce sojan ruwa, yawancinmu farin kaki kawai muke tunawa, irin wanda ake gani a talabijin ranar fareti. Sai ga daren 25 ga Disamba 2025, da Amurka ta kai wa 'yan bindiga hari a jihar Sakkwato daga tekun Gini, tarkacen wani makami ya faɗo a gona a gefen Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Ba a rasa rai a garin ba, amma jama'a sun wayi gari da sanin cewa jirgin da ke tsaye kan teku yana iya taɓa gonar dawa a ƙasar Sakkwato.

Haɗa yaƙin ruwa da na sama bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba a duniya, kuma cikin mutanen farko da suka koyi wannan sana'a akwai wanda jininsa ya fito daga wannan sashe namu. Sunansa Ahmed Ali, mutumin Izmir, wanda daga baya ya ɗauki sunan iyali Celikten. An haife shi a 1883, ya rasu a 1969. Hafsan sojan ruwa ne na Daular Usmaniyya, ta Santambul nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, tunda a bakin Bahaushe sunan ɗaya ne. Yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka tuƙa jirgin saman soja. Kakarsa ta wajen uwa a Borno aka haife ta, kuma a matsayin baiwa aka kai ta ƙasar Turkawa.

Masu ba da labarinsa sukan faɗi wannan magana ta kakarsa a layi ɗaya, su yi sauri su wuce zuwa ga jirage da lambobin yabo. Mu kam a nan ya kamata mu shimfiɗa tabarma, domin ta nan labarin ya shafe mu.

Tsakanin Borno da Turkawa akwai tsohuwar sanayya. Tun a shekarun 1570 Mai Idris Alauma ya aika jakadu wurin Sarki Murad na Uku a Santambul, kuma limaminsa Ahmad bn Fartuwa ya ambaci Turkawa masu bindiga a cikin rundunarsa. Hanyar da ta haɗa ƙasashen biyu ta fatake ce: daga bakin tafkin Cadi zuwa Bilma garin gishiri, a bi rijiyoyin Kawar zuwa Murzuk a ƙasar Fazzan, sai Tarabulus a bakin Bahar Rum. Daga Kukawa zuwa Tarabulus ya fi kilomita 2,000, tafiyar watanni ce cikin rairayi. Abin da ke gangarowa kudu shi ne dawaki da takarda da takubba da tufafi da duwatsun ado. Abin da ke haurawa arewa akwai kirgi da hauren giwa da gashin jimina, amma hajar da ta fi riƙe ayarin ita ce mutum. Mata da 'yan mata sun fi yawa a ciki, saboda manyan gidajen Tarabulus da Izmir da Santambul masu aikin cikin gida suka fi nema. Turawan Ingila uku da suka biyo wannan hanya a 1822 zuwa 1823, Denham da Oudney da Clapperton, sun rubuta cewa sun tarar da ƙasusuwan mutane warwatse a bakin rijiyoyi, na bayin da ƙishirwa da gajiya suka kayar. Wannan Clapperton shi ne ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa, ya rasu kusa da birnin a 1827.

Akwai wanda ya bi hanyar da sarƙa, ya rayu har ya rubuta abin da ya gani. Muhammad Ali bn Sa'id ɗan Kukawa ne, an kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi hamada zuwa Tarabulus, ya kai Santambul, daga can ya faɗa hannun manyan Rasha. Ya ƙare a Amurka da sunan Nicholas Said, ya shiga sojan Arewa a yaƙin basasarsu a 1863, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Shi namiji ne da Allah ya ba alƙalami. Dubban matan da suka bi bayansa ba su sami wannan dama ba. A 1857 Sarkin Santambul ya fitar da dokar hana cinikin baƙaƙen bayi a yawancin daularsa, sai dai doka a takarda daban, hamada daban. Fataucin ya koma ɓoye, ya karkata ta Wadai zuwa Bangazi, ya ci gaba har farkon ƙarni na 20.

Mai karatu a Tambuwal na iya cewa to ai wannan lamarin Barebari ne. Ba haka ba ne. Kasuwar Kukawa ba 'yan ƙasar kaɗai ake sayarwa ba, ana kawo kamammu daga Musgu da Mandara da Bagarmi da ƙasar Hausa. Kuma akwai wata hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Agadas da Gat da Gadamas, ita ma ta fita Tarabulus, ita ma da mutane a cikin kayanta. Abin da ya fi haka nauyi, jihadin Shehu Usmanu kansa a kan maganar bautar da mutane ya kunnu. A ƙarshen 1803 Gobirawa suka faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami a ƙasar Kabi, ba nisa da nan, suka kwashe jama'a. Da aka biyo da su ta kusa da Dagel, mutanen Shehu suka kwance su, daga nan al'amari ya lalace tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa har aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Daular da aka kafa a kan ƙin bautar da Musulmi ɗa ita ce kuma ta tara bayi masu ɗimbin yawa. Tambuwal ribaɗi ne, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna shi don tsaron wannan gefe, kuma gaba da Kabawa ta ɗauki kusan ƙarnin gaba ɗaya. Inda ake yaƙi ana kama mutane, wasu a zaunar da su a rinji su yi noma, wasu su yi murgu su fanshi kansu, wasu a kai su kasuwa irin ta Jega su shiga hannun fatake. Turawa sun yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Jikokin masu rinji da jikokin dimajai duk muna nan tare, muna sallah sahu ɗaya, amma har gobe idan maganar aure ta taso a wasu gidaje sai an koma gefe an yi raɗa a kan asali.

Garin da aka haifi Ahmed Ali yana cikin wuraren da 'yan Afirka suka fi taruwa a ƙasar Turkawa. Izmir tashar jiragen ruwa ce mai arziki a bakin tekun Ejiyan, cike da Turkawa da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa, ana fitar da ɓaure da zabibi da auduga da taba. Bayin da aka 'yanta sun zauna a unguwannin talakawa da ke gangaren tudun birnin, wasu kuma hukuma ta ba su filaye a ƙauyukan Torbali da Tire da Bayindir. Suna da bikinsu na shekara, bikin ɗan maraƙi, da shugabanninsu mata waɗanda ake ce wa godya, masu tara kuɗin taimakon juna, masu kuma warkar da wanda iska ta taɓa. Masana tarihi suna danganta wannan suna da godiyar bori tamu, abin da ke nuna Hausawa ba su yi kaɗan ba a cikin waɗanda aka kai. A cikin irin wannan jama'a Emine, 'yar baiwar Borno, ta auri Ali, shi ma ɗan asalin Afirka, suka haifi Ahmed.

Yaron ya so aikin teku. A 1904, shekara ɗaya bayan Turawa sun ci Sakkwato sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, Ahmed Ali ya shiga makarantar Haddehane a Santambul, wadda ke haɗe da ma'aikatar ƙera jiragen ruwan daula. Makaranta ce ta masu injin: tukunyar tururi, narka ƙarfe, gyaran famfo, aikin da ake yi a can ƙasan jirgi cikin zafi da baƙin mai. Ya fita a 1908 da muƙamin laftanar, shekarar da matasan hafsoshi suka tilasta wa Sarki Abdulhamid na Biyu dawo da tsarin mulki. Ba yau aka fara ganin baƙin mutum da girma a Santambul ba. Shugaban babannin fada yakan kasance baƙi, kuma irin su Bashir Aga, mutumin Habasha da ya rasu a 1746, sun juya daula da hannunsu. Amma kowa ya san abin da ake yi wa yaro kafin ya zama baban fada. Ahmed Ali ta ƙofar aji da jarrabawa ya shiga, ya fito da anini a kafaɗa, da ikon ba Baturke fari umarni.

Abin da ya kai shi sama kuwa, dukan da daular ta sha ne. A 1911 Italiya ta auka wa Libiya, kuma a ranar 1 ga Nuwamba wani laftanar mai suna Giulio Gavotti ya wurgo ƙananan bama-bamai da hannu daga jirginsa a kan sansanin Turkawa a Ain Zara da Tajura. Wannan shi ne karo na farko a duniya da aka jefa bam daga jirgin sama, kuma a bayan garin Tarabulus aka yi shi, inda ayarin Borno ke sauke kaya. Ba a daɗe ba yaƙin Balkan ya ɓarke. A farkon 1913 wasu Girkawa biyu suka tashi da jirgi mai sauka kan ruwa, suka bi ta kan rundunar jiragen ruwan Turkawa a mashigin Dardanel, suka zana inda kowane jirgi yake, suka saki bama-bamai huɗu. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma manyan hafsoshi sun gane cewa daga yau babu sauran ɓoye jirgin ruwa a bayan tudu. A 1914 daular ta so ta nuna wa Larabawanta cewa ita ma ta iya, ta shirya tafiyar jirage daga Santambul zuwa Alƙahira. Fethi Bey, wanda shi ma daga sojan ruwa ya fito, ya faɗi kusa da tafkin Tabariyya tare da abokinsa Sadik Bey, aka binne su a Dimashƙa kusa da kabarin Salahuddin. A ranar 25 ga Yuni 1914 aka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta sojan ruwa a Yeshilkoy, gefen Santambul, kuma Ahmed Ali na cikin waɗanda suka shige ta.

Ba abin mamaki ba ne a ɗauko mai injin a ce ya tashi sama. Jirgin wancan zamani katako ne da zane da waya. Ana ɗinke zanen a jikin fuka-fukai a shafe shi da wani mai don ya ɗame, injin ɗaya ne a gaba, farfelarsa ta itace. Na sojan ruwa ba shi da taya, abin da yake tsayawa a kai wasu dogayen akwatuna ne guda biyu, kamar a ɗaure kwale-kwalen Sarkawa biyu a ƙarƙashinsa. Mutum biyu ke shiga, matuƙi da mai duba ƙasa, kawunansu a waje, iska na dukan fuska. Gudunsa bai fi kilomita 100 da 'yan kai a awa ba. Babu laimar tsira. Hanya kuwa sai da kamfas da agogo da sanin yadda gaɓa ta lanƙwasa. Idan injin ya mutu a kan tudu, matuƙi yakan nemi fili ya sauka ya tafi da ƙafa. Idan ya mutu a tsakiyar teku, sai ya sauka kan igiyar ruwa ya buɗe shi ya gyara da hannunsa, in ya kasa kuma ya jira wanda zai fara isowa, nasa ko maƙiyi ko guguwa. Shi ya sa wanda ya san sautin injin ya fi wanda ya iya fareti daraja.

Aikin ma ba irin na fim ba ne, inda jirage biyu ke zagaya juna suna ɓarin wuta. Yawancinsa leƙe ne: a tashi da asuba a ƙirga jiragen ruwan maƙiyi, a gano inda suka dasa nakiyoyi, a hango inuwar jirgin ƙarƙashin ruwa inda ruwan bai da zurfi, a dawo a faɗa wa masu igwa. In an sami sarari a saki bam ɗaya ko biyu. Wannan leƙe ya yi rana a yaƙin Dardanel na 1915, lokacin da Ingila da Faransa suka yi ƙoƙarin kutsawa zuwa Santambul aka mayar da su. A cikin wannan yaƙin ne kuma, ranar 12 ga Agusta 1915, wani matuƙin Ingila ya fara harba wa jirgin ruwa nakiya mai gudu daga sama, a tekun Marmara. Turkawa sun dogara da Jamus wajen jirage da malamai, yawancin jiragensu na ruwa ƙirar Gotha ne.

A watan Nuwamba 1916 Ahmed Ali ya fara aiki a matsayin matuƙi. A Disamba 1917, yana kyaftin, aka tura shi Balin ta Jamus ƙarin horo, da ya dawo aka ajiye shi a rundunar jiragen saman sojan ruwa ta Izmir, garin haihuwarsa. A cikin shekarun yaƙin ne ya auri Hatice, wadda iyalinta suka yi ƙaura daga Preveza, garin da Girka ta ƙwace a 1912. Ba a san shi da yawan jiragen da ya kakkaɓo ba, kuma masu maƙala masa irin wannan jarumta a intanet ba su yi masa adalci ba. Haka ma jayayyar ko shi ne baƙi na farko. Wasu na ƙirgawa daga 1914 da ya shiga makaranta, wasu daga 1916, ga kuma Domenico Mondelli, haifaffen Asmara, wanda ya sami takardar tuƙi a sojan Italiya a 1914. A ganina wannan tsere bai da wani amfani. Mutane ne ƙalilan da ba su cika yatsun hannu biyu ba, kowannensu ya hau katako da zane ya tashi a zamanin da manyan masana na Turai ke rubuta cewa baƙin mutum ba shi da natsuwar riƙe injin.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: a wannan yaƙi shi da dangin kakarsa ɓangare daban suke. A Nuwamba 1914 Sarkin Santambul, a matsayinsa na halifa, ya yi kiran jihadi a kan Ingila da Faransa da Rasha. Sarakunan Arewa ba su amsa ba, sun ma ba Ingila gudummawar kuɗi daga baitulmali. Hausawa da Barebari da Zabarmawa na cikin sojan da suka yaƙi Jamus a Kamaru, a Garwa da dutsen Mora, daga baya aka kwashe su zuwa Gabashin Afirka. Inda kiran ya sami kunne shi ne Azbin. A Disamba 1916, wata ɗaya bayan Ahmed Ali ya fara tashi, Kawusan, jagoran Abzinawa, ya kewaye barikin Faransa a Agadas da goyon bayan 'yan Sanusiyya, abokan Turkawa, sai a Maris 1917 aka kore shi, da taimakon da Ingila ta aika daga Nijeriya. Da jirgin ruwan da ya ɗauki samarin Kano da Sakkwato ya ɓata hanya ya shiga tekun Ejiyan, aikin jikan Borno ne ya hango shi ya kai rahoto.

Daular Turkawa ta faɗi. An sa hannu kan tsagaita wuta a Mudros ranar 30 ga Oktoba 1918, jiragen ruwan maƙiya suka cika mashigin Santambul, aka kulle jiragen sama a rumbuna. Ranar 15 ga Mayu 1919 sojan Girka suka sauka Izmir. Kwana huɗu bayan haka Mustafa Kamal ya sauka Samsun ya fara haɗa masu turjiya. Hafsa irin Ahmed Ali yana da zaɓi biyu, ya zauna ƙarƙashin gwamnatin Sarki da ke hannun 'yan mamaya ya karɓi albashi in ya samu, ko ya bi waɗanda gwamnatin ta kira 'yan tawaye har ta yanke wa shugabanninsu hukuncin kisa. Ya bi na biyu. Rayuwar masu turjiya a lokacin ta rataya ne ga Bahar Aswad, domin ta nan makamai ke zuwa, daga Rasha da kuma waɗanda ake sacewa daga rumbunan Santambul, a sauke a Inebolu, mata da tsofaffi su ja su a keken shanu zuwa Ankara. Jiragen yaƙin Girka na sintiri a gaɓar, sun yi wa Inebolu ruwan igwa a 1921, Samsun a 1922. Ana buƙatar ido a sama. Aka shirya fitar da jirage daga rumbuna a asirce zuwa Amasra, wata 'yar tashar ruwa a wannan gaɓa, aka harhaɗa su a can da abin da ya samu. Ahmed Ali na cikin waɗanda suka ba da kansu ga wannan aiki, kuma a 1922 yana Amasra, cikin masu gadin hanyar ruwan. Ranar 9 ga Satumba 1922 sojan Mustafa Kamal suka shiga Izmir. Bayan kwanaki kaɗan gobara ta cinye babban sashen birnin.

Sauran rayuwarsa ta ma'aikaci ce mai haƙuri. An kafa jamhuriya a 1923, aka soke halifanci a Maris 1924, aka maido rundunar su Ahmed Ali Izmir. An ba shi lambar yaƙin 'yanci, a 1928 aka ɗauke shi zuwa ofishin kula da harkokin sama na ma'aikatar tsaro, ya yi ritaya a 1949. Sana'ar ta zauna a gidansa, an sami matuƙa jirgi a cikin 'ya'yansa da danginsa.

Sai an duba wasu wurare ake ganin girman wannan zama lafiya. Eugene Bullard, baƙin Ba'amurke, ya sami takardar tuƙi a sojan Faransa a Mayu 1917, ya yi yaƙi. Da ƙasarsa ta shiga yaƙin ta karɓi fararen Amurkawan da ke tashi wa Faransa, shi ta ƙi shi. Ya tsufa yana aikin tuƙa na'urar hawa bene a New York, ya rasu a 1961, sai a 1994 aka ba shi muƙamin laftanar yana kabari. Sojan ruwan Amurka kuwa sai a Oktoba 1948 suka yaye baƙin matuƙinsu na farko, Jesse Brown, ɗan manomi daga Misisifi, saura shekara ɗaya Ahmed Ali ya yi ritaya. An harbo jirgin Brown a Koriya ranar 4 ga Disamba 1950, abokin tashinsa Thomas Hudner ya kayar da nasa jirgin da gangan a kan ƙanƙara don ya ciro shi, bai iya ba. Brown ya mutu yana da shekara 24. An sa wa jirgin ruwan yaƙi sunansa, an yi fim a kansa a 2022, duniya ta san shi fiye da Ahmed Ali nesa ba kusa ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka ƙasar Turkawa aljannar baƙi ce. Jamhuriyar da ta ba shi lamba ita ce ta so kowa ya zama Baturke zalla, bikin ɗan maraƙi ya mutu a shekarun 1920, jikokin bayi suka narke cikin talauci da shiru, da yawa ba su san daga ina kakanninsu suka fito ba. Sai a 2005 wani ma'aikacin dutse mai suna Mustafa Olpak ya buga littafi a kan bautar da aka yi wa iyalinsa, ya kafa ƙungiyar Turkawa 'yan asalin Afirka a 2006, aka farfaɗo da bikin. Farfaɗowar sunan Ahmed Ali ma a wannan zamani ta zo, ita ce ta kawo mana hotonsa da hular matuƙa, wanda ake yaɗawa a Facebook ana rubuta ɗan Nijeriya a ƙasansa.

A nan nake da ja. Jirgin sama bai sauka Kano ba sai a Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila daga Helwan ta Masar, shekara tara bayan Ahmed Ali ya fara tashi. Rundunar sojan samanmu a 1964 aka kafa ta, sojan ruwanmu kuwa sai a shekarun 1980 suka mallaki jirage masu saukar ungulu. Yau har jiragen yaƙi ƙirar Turkiyya muke saye. Ba mu koya masa komai ba, ba mu biya masa kuɗin makaranta ba. Abin da ƙasarmu ta sa a cikin labarinsa shi ne yarinya ɗaya da aka kama, aka yi wa kuɗi, aka miƙa wa madugu. In za mu yi alfahari da jikan, wajibi ne mu faɗi yadda kakar ta bar gida, da kuma cewa masu kamawa da masu sayarwa namu ne, ba Turawa ba ne.

Aikin da ya rage kuma ba a Izmir kaɗai yake ba. Takardun daular Turkawa suna nan a ajiye a Santambul, akwai rajistar 'yantattun bayi da shari'o'insu, ga kuma ɗalibanmu da yawa da ke karatu a can sun iya harshen. A gida, tsofaffin da suka ji labarin rinji da murgu da ayari daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, a Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kebbe da Kuchi. Ina kira ga sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gidan tarihi na Waziri Junaidu su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana zuwa waɗannan garuruwa tun masu labarin na da rai, a tambaye su waɗanda aka kawo da waɗanda aka tafi da su, da sunayensu.